Ɗakin da Inna Ta Cika da Garin Katako

Har yau in na biyo ta layin 'yan katako a Azare, ƙamshin sabon yanka ya bugi hancina, sai in ga ƙafata ta rage sauri ba da sanina ba. Ƙarar injin ba ta damuna, ɓurɓushin da ke sauka a kan mayafina ma ba ya damuna. Nakan tsaya in kalli tsibin garin katakon da ke bayan rumfuna, ja da fari a cakuɗe, in tuna shekarun da mahaifiyata ta yi tana tara shi buhu-buhu a gidanmu, alhali ko cikin cokali ba ta yarda a zuba a murhu ba.

Mu biyu muka rayu a cikin 'ya'yan da Inna ta haifa, ni da Yaya. Shi ne ɗan fari, ni ce auta. Inna 'yar Katagum ce, a hannun kakarta Bafillatana ta tashi a bakin kogi, aure ya kawo ta Azare. Kunyar ɗan fari kuwa ta ɗauke ta da nauyin da ban taɓa ganin wata mace ta ɗauka ba. Ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. Akwai wani mai tallan manja da ke da suna irin nasa, kowa a unguwa da sunan yake kiransa, ita kuwa in ba na kusa sai ta bar shi ya wuce, ranar a sha miya ba mai. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta kallon fuskarsa, in tana da magana da shi ni take gaya wa, ko da yana tsaye a tsakar gida yana ji. Ni kuwa sunana a bakinta yake kwana yake tashi, da faɗa da lallashi duka, har na yi aure na zama malamar firamare ba ta fasa ja mini kunne ba.

Yaya ma'aikacin ofishin gandun daji ne, aikinsa renon 'ya'yan maina, wato darbejiya, a baƙaƙen ledoji. Bayan rasuwar mahaifinmu da kaɗan ya sami gurbin karatu a wata ƙasa can ƙuryar arewacin Turai, aka ce shekara biyu zai yi ya dawo. Ranar tafiyarsa gida ya cika da 'yan sallama, Inna tana bakin murhu tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince tun jiya. Ya zo ya durƙusa a bayanta ya daɗe. Ba ta juyo ba. Ta ce da ni, "Ki ce wa mai tafiyar ya ɗauki bargo, an ce garin da sanyi." Iyakar sallamarsu ke nan. Ni na yi kukan mu biyu a zaure, har makwabta suna yi mini dariya.

Shekara biyu ta cika, ta wuce. Ya gama karatu ya sami aiki. Inna tana so ya dawo, so irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci, amma ba ta da bakin faɗa. Ni na sani, ita ma ta san na sani, muka zauna a haka.

Inna ba ta karatun boko, don haka Yaya kaset yake yi mana ya aiko ta gidan waya. In na taso daga makaranta nakan biyo ta gida kafin in wuce ɗakin mijina, tunda lungu biyu ne tsakaninmu. Bayan la'asar sai in sa batir a rediyo in ajiye a kan tabarma ƙarƙashin mainar tsakar gida. Inna za ta ɗauko tiren zogale ta zauna nesa kaɗan, ta ba rediyon baya, ta ce, "Ki kunna abin nan naki in kina so, ni aiki nake." Amma in kaza ta yi kuka a lokacin, sai ta sha jifa da takalmi.

A kaset ɗin nan muka fara jin labarin aikinsa. Ya ce a can daji ba ya fitowa da kansa kawai, shuka shi ake yi layi-layi kamar gonar gero, wanda ya shuka ba shi zai sare ba, sai jikansa. Ya ce a tsakiyar sanyi ake shiga sara, lokacin da ƙasa ta daskare har babbar mota tana tafiya a kan fadama ba ta nutsewa. A kwaso gungume a kai injin yanka, a fitar da katako, garin da ya zube kuma ba a zubar da shi. Manyan motoci ke kwasowa su kawo wa kamfaninsu. Su busar da shi, su niƙe, su tura shi da ƙarfi ta wani faranti mai ƙananan huji, ya fito da zafinsa dunƙule-dunƙule kamar gutsattsarin fensir. Da wannan mutanen ƙasar ke ɗumama ɗakunansu. Ya ce wasu a leda suke saya, wasu kuma mota mai tanki ke zuwa ƙofar gida ta hura musu shi ta bututu cikin rumbun da ke ƙarƙashin ƙasa, murhun ya riƙa ɗiba da kansa kaɗan-kaɗan har gari ya waye.

Ina zaune a zafin Azare, gumi yana bin bayana, amma sai in ji kamar ina tsaye a cikin dajin nan. Itatuwa dogaye, shiru, fari ko'ina, numfashin mutum yana fita kamar hayaƙin kasko. Ban taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce ta firji ba, don haka a zuciyata ƙasar tasu gishiri ce aka shimfiɗa. Nakan hango Yaya shi kaɗai baƙi a tsakiyar farin nan, da bargon Inna a kafaɗa, duk da na san bargon bai wuce Kano ba, a gidan abokinsa ya bar shi saboda nauyin kaya.

Yaya ya ce in wanda suke yi a ƙasar bai isa ba, jiragen ruwa ke kawo ƙari daga wasu ƙasashen da ke tsallaken teku, cikinsu fal da ƙwayoyin katakon nan kamar an auna hatsi. A nan Inna ta manta tana aiki. Ta ce, ba ta juyo ba, "Jirgi guda, garin katako?" Ita jirgin da ta sani shi ne na fito a kogin Katagum, wanda ke ɗaukar mata da ƙorensu na nono da akuya biyu. Na ga tana auna abin a ranta, tana ƙara wa kwalekwalen tsawo, tana ƙara masa faɗi, har ta gaji ta girgiza kai.

Mu a lokacin garin katako shara ne. Katako daga Kurmi yake zuwa a tirela, a sauke a layin 'yan katako, inji ya tsaga ya goge, garin ya taru a baya har ya dame su su cinna masa wuta. Sai da kalanzir ya yi wuya, itacen da ake kawowa daga wajen Shira ya fara tsada, sannan mata suka waiwaye shi. Akwai murhun da maƙera ke yi da gwangwani ko guntun durom. Za ki tsayar da kwalba a tsakiya, ki zura sanda ta hujin gefe, ki zuba gari ki danna, ki zuba ki danna da dunduniya har ya yi tauri, sannan ki zare kwalbar da sandar a hankali. Rami ya fito, ki sa wuta ta ƙasa. Zai ci shiru ba hayaƙi, ya dafa miki tuwo da miya har da ruwan wanka. Inna ta iya danna murhun nan fiye da kowa a layinmu, nata ba ya rushewa.

Wata rana kaset ya zo da ɗan ƙulli a leda. Na kwance, sai ga ƙwayoyin, ba su fi cikin tafin hannu ba, masu santsi da sheƙi, da ƙamshin wani icce da ban sani ba. Na ce, "Inna, wannan ai kashin awaki ne aka yi wa wanka." Ta ce in rufe mata baki. Ta sa na zuba mata a hannu, ta mirza ɗaya, ta shinshina, ta ɗan gatsa da haƙori. Sannan ta tashi ta buɗe wata samira a can saman jerenta, wadda take ajiye 'yan kunnen aurenta, ta zuba su ta rufe.

A kaset ɗin ranar Yaya ya yi bayanin kasuwar. Ya ce da bazararsu abin yana araha, masu hankali a lokacin suke saya su cika rumbu, don in sanyi ya tsananta kowa ya ruga nema sai ya yi tsada, wani lokaci ma a rasa. Inna ta gyaɗa kai, wannan ta gane shi sarai, ai haka gero yake tsakanin kaka da damina. Can wajen ƙarshe ya yi dariya ya ce, "Wallahi da ina da injin nan a Azare, da garin da ake ƙonawa a bayan 'yan katako ya ishe ni sana'a, ba sai na zauna cikin sanyin nan ba." Ni na ji maganar kamar yadda ake jin kowace magana ta ɗan ci-rani, ta shiga ta nan ta fita ta can. Inna ta ce in mayar da wurin. Na mayar. Ta ce in ƙara.

Bayan kwana uku na zo na tarar da amalanke a ƙofar gida, wani dattijo yana sauke buhuna. Inna ta sa an buɗe ɗakin Yaya, an jingine katifarsa a bango, an jera duwatsu a ƙasa an ɗora katako a kai, yadda ake yi wa hatsi.

Na ce, "Inna, wannan fa? Biki za mu yi?"

Ta ce, "Ajiya ce."

"Ajiyar wa?"

"Ta mai ɗakin. In mutum zai fara sana'a ai ba ya farawa hannu biyu. Inji nasa ne ya nemo, wannan kuwa ba sai an yi boko ba."

Na yi dariya har na zauna a kan turmi. Ita ko murmushi ba ta yi ba, sai na daina.

Daga nan abin ya zame mata aiki. Duk sati sai ta yafa mayafi ta je wurin Alhajin da ke da babban inji a layin. Shi mutum ne mai barkwanci, abokin mahaifinmu ne tun suna samari. Yakan ce, "Hajiya, ko dai tuwon garin katako kuke yi a gidan nan ba mu sani ba? A sammana mana." Ta ce, "Alhaji, kai dai ka ce su ba ni na sama, busasshe, ban da wanda aka taka." Ko da mata suka yi yawa har masu inji suka fara sayar da abin da a da suke roƙon a kwashe, ita bai taɓa bari a hana ta ba.

Ba ta zuba shi a buhu haka nan. Sai ta shanya a tabarma ya sha rana, ta tankaɗe da rariya ta fitar da ƙusa da tsakuwa, ta ware ja daban fari daban, don ta lura ƙwayoyin da aka aiko farare ne. Ta barbaɗa toka da ganyen maina a tsakanin buhuna saboda gara. In ta zauna tankaɗe da hantsi, rana ta ratso ta cikin ganye, garin yana tashi yana yawo a cikin hasken kamar ba zai sauka ba, ya sauka a girarta da gashin hannunta, ta yi fari-fari. Nakan tsaya a bakin ƙofa ina kallonta, in ce a raina, ga Inna ita ma ƙanƙara tana zuba mata.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne girkinta. Gida cike da makamashi har rufi, amma ita da kara da tsinke-tsinke take dafa abinci, hayaƙi yana cika mata ido tana tari. Murhun gwangwanin da ta fi kowa iyawa ta kife shi a bayan ɗaki. Na yi faɗa, na yi magiya. Na ce ko buhu ɗaya ta buɗe, ai ba za a gane ba. Ta ce, "Ke kin taɓa ganin an ba mutum ajiya ya ci?" Na ce, "Wa ya ba ki? Ke kika ba kanki!" Ta ce malaman makaranta dama ba su da kunya, ta ci gaba da fifita wutarta.

Har injin taliyata ta aika aka ɗauko ba na nan. Ta kwaɓa garin da ruwan sitaci ta tura a ciki, wai ta gwada ko zai fito kamar nasu. Injin ya cije, bai ƙara juyawa ba har yau. Da na zo ina sababi sai ta ce, hankalinta kwance, "To yanzu dai mun san ba irin wannan ba ne."

A cikin shekarar da wayar hannu ta iso Azare wani kaset ya zo, da takarda a ninke a cikin gidansa, an rubuta sunana a baya. Na karanta a tsaye a zaure. Yaya ya ce ya yi aure a can, 'yar ƙasar ce, har Allah ya ba su 'ya mace, ya sa mata sunan Inna. Ya ce sun kama gida, yarinyar za ta shiga makaranta a can, shi dai ba ya ganin dawowa ta zama, sai ziyara. Ya ce ya kasa faɗa a kaset, in taimaka in gaya wa Inna a hankali, ni na san yadda zan yi.

Ban san yadda zan yi ba. Na shiga gida, ga ta a tsakar gida tana ɗinke bakin buhu da babbar allura, ta riƙe zare da haƙori. Na tura takardar cikin jakata, na kunna mata kaset. Na ce gobe zan faɗa. Goben nan ta kai ni shekara huɗu. Na ji haushin Yaya da ya ɗora mini, na ji haushin Inna da ba za ta buɗe baki sau ɗaya ta ce ɗana ka dawo ba, amma haushin kaina ya fi, don duk buhun da aka sauke a ƙofar nan bayan ranar, da sanina aka sauke shi.

Da waya ta samu sai kaset ya tsaya. Yakan kira ranar Juma'a da yamma. Inna ba ta karɓar wayar, sai in buɗe murya in riƙe a tsakaninmu, ya gaishe ta, ita kuma ta amsa mini. "Ki ce lafiya lau. Ki tambaye shi bana sun yi sanyi?" Kullum tambayar ke nan. Wata shekara ya ce sanyin bai yi ƙarfi ba, kaya sun taru a kamfani ba masu saya, har an rage musu kwanakin aiki. Na ga fuskar Inna ta yi haske, ta yi saurin sunkuyar da kai. Wata shekarar kuma ya ce sanyi ya yi tsanani, motoci suna layi a ƙofar kamfani, ba dare ba rana. Bayan an kashe wayar ta ce, "Ni yanzu ban san me zan roƙa ba. In na roƙa musu sanyi, aiki ya yi kyau, ya zauna, kuma yana jin sanyin. In na roƙa musu zafi, na roƙa wa mutum tsiya a sana'arsa." Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa ji ta yi a kansa. Takardar tana cikin jakata a lokacin, na dafe jakar kamar za ta yi magana.

A ƙarshe Yaya ya zo ziyara da bazara, cikin zafin da ko ƙadangare ba ya hawa katanga da rana. Shi kaɗai ya zo, na sati uku. Ya yi fari, ya yi furfura a gemu, Hausarsa tana ɗan tsayawa kafin ta fito. Ya durƙusa a bakin ƙofar Inna, ita tana ciki bayan labule, ta ce da ni in ba baƙo ruwa. Amma na ga labulen yana motsi, kuma ba iska ranar.

Da ya tashi zai kai jakarsa ɗakinsa sai na bi shi da makulli. Na sha gaya masa a waya cewa Inna tana ajiye kaya a ɗakin, ban taɓa gaya masa ko mene ne ba. Ya tura ƙofar, ta buɗe rabi ta tsaya. Ƙamshi ya fito ya same mu, ƙamshin shekara biyar a rufe. Buhuna daga ƙasa har rufi, farare a dama, jajaye a hagu, da 'yar siririyar hanya a tsakiya daidai faɗin Inna.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Jarinka ne. Kai ka ce da kana da inji da ka zauna a Azare."

Ya ce, "Ni? Yaushe?"

Bai ma tuna ba. Na so in mare shi, yayana ne, amma wallahi na so.

Ya zura hannu a wani buhu ya damƙo, ya mirza kamar yadda Inna ta mirza nasa. Ya duba na ƙasa, gara ta riga ta shiga duk da tokar, wasu sun zama ƙasa. Ya yi magana a hankali, kamar mai ba da rahoto a wurin aiki. Ya ce icce iri-iri ne a haɗe, ya ce injin yana cin wutar da duk unguwarmu ba ta samu, ya ce kuma wa zai saya a garin da mutane ke kwana a waje saboda zafi. Sai ya jingina goshinsa da buhun, kafaɗarsa ta fara rawa. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa, ban lallashe shi ba.

Muryar Inna ta zo daga bayan labule. Ni ta kira. Ta ce, "Ki tambayi baƙon, kayan sun isa a fara, ko a ƙaro?"

Yaya ya dube ni, na dube shi. A nan ya gane ban faɗa ba. Na sunkuyar da kai. Shi ya taka ya koma bakin ƙofarta ya durƙusa. Ya ce, "Inna, kayan sun isa. Sun yi kyau, ban taɓa ganin mai tsabtarsu ba. Amma ni ina da iyali a can. Ina da 'ya, sunanki gare ta. Ba zan iya dawowa in zauna ba. Ki yafe mini."

Kurciya tana kuka a kan maina. Can Inna ta ce, "Ki ce masa na ji." Ta ƙara da cewa, "Ki ce Allah ya raya takwarar." Ba ta tambaye ni ko na sani ba, ranar ko bayanta, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan ta tambaya.

Washegari da na zo da safe na tarar ta ɗauko murhun gwangwanin daga bayan ɗaki ta wanke. Ta farke buhun farko, fari, na sama. Ta tsayar da kwalba, ta zura sanda, tana zubawa tana dannawa da dunduniya. Da shi ta dafa masa duk abin da ya ci a sati ukun nan, tuwon dawa da miyar kuka, dambu, faten wake, abincin da ta san yana so tun yana yaro ba tare da ta taɓa tambayarsa ba. Shi kuma a zaure ya yi ta kwana a kan tabarma, don ɗakinsa ba wurin shimfiɗa.

Ranar da zai koma, motar Kano ta tsaya a bakin lungu da hantsi. Ya durƙusa a bayanta kamar wancan karon, ita tana bakin murhu. Ba ta ce a ɗauki bargo ba. Na raka shi har mota na dawo, ina jan ƙafa.

Na same ta ta sauke tukunya, wutar tana ci a ramin murhun. Samirar nan ta saman jere tana gefenta a buɗe. Ta juye ƙwayoyin da ya aiko a tafin hannunta, ta ware 'yan kunnen aurenta ta mayar, sannan ta zuba ƙwayoyin a wutar gaba ɗaya. Suka ɗan yi jim kamar ba za su kama ba, sai suka kama, wuta mai tsabta, ba hayaƙi, da ƙamshin dajin da ba mu taɓa gani ba. Rana tana dukan tsakar gida, gumi yana ɗiga daga haɓarta, amma sai ta miƙa hannuwanta biyu a kan wutar, ta juya bayansu, ta juya cikinsu, kamar mai jin ɗari. Ta daɗe a haka har suka cinye.

Ta ce, "Ashe irin ɗumin da suke ji ke nan." Ta goge fuska da bakin zane. "Ba laifi, yana da ƙarfi. Ba zai ji sanyi ba."

Sannan ta ce in miƙo mata tukunyar, ruwan bai tafasa ba.